An canza min shafta sai fitilar ABS ta kama, makanike ya ce famfon ABS ne ya mutu. Gaskiya ne?

Tambayar da ɗan'uwanmu ya turo ita ce: "Salam oga. Corolla 2006 gareni. Sati biyu da suka wuce an canza min shaftar gaba ta ɓangaren direba, tun daga ranar fitilar ABS ta kama ta ƙi mutuwa. Kuma wani lokacin in na sha kwana ko na taka burki da ƙarfi sai jar fitilar burki ta ɗan haska ta ɗauke, sannan burkin yana ɗan yin ƙasa fiye da da. Makanikena ya ce famfon ABS ne, ko in sayi wani ko ya cire kwan fitilar in huta. Me ka gani?"

Wa'alaikumus salam Malam. Kafin komai dan Allah kar ka sayi famfon nan tukuna, kuma kar ka yarda a cire kwan. Na shekara da shekaru ina aikin burki da wayarin, kuma in zan faɗa maka gaskiya cikin motocin da ake kawo min da fitilar ABS a kunne, waɗanda famfon ne da gaske ya mutu 'yan kaɗan ne, mafi yawa waya ce ta tsinke ko sensa ta ci datti ko wani ya taɓa ƙafar motar bai mayar da abu yadda ya same shi ba. Kuma a bayaninka ni matsala biyu nake gani ba ɗaya ba, makanikenka ya haɗe su ya ba su suna ɗaya. Wadda ta fi tayar maka da hankali, wato ruwan ɗorawar fitilar ABS, ita ce mai sauƙin. Wadda ka ambata kamar a wucewa, jar fitila da burkin da ke yin ƙasa, ita ce nake so ka duba yau ɗin nan kafin ka sake ɗaukar iyali.

Bari in fara da jar. Abu biyu ne suka fi kunna ta, burkin hannu in bai sauka duka ba, ko man burki ya yi ƙasa a kofinsa. A cikin kofin akwai wani ɗan abu mai yawo a kan mai, in mai ya sauka sai shi ma ya sauka ya haɗa wuta. To kaga in man yana dab da layin ƙasa, kana shan kwana ko ka taka burki da ƙarfi sai man ya karkata gefe ɗaya, fitila ta haska, mota ta daidaita man ya dawo ta ɗauke. Daidai abin da ka kwatanta kenan. Buɗe bonet ka duba kofin, yana ta gaban direba jikin bango, fari ne ana ganin man ta waje, akwai MAX da MIN a jiki.

Amma fa ba ƙara mai ne maganin ba, tambayar ita ce ina man ya tafi. Man burki ba kamar man inji bane da ake cewa mota tana sha, ba ya ƙonewa. Ko dai fad ɗinka sun cinye, fistin ɗin kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin dis, ya fito waje sosai mai ya bi bayansa ya cike gurin, ko kuma akwai yoyo. In na farkon ne, sabon fad kaurin naman jikinsa wajen milimita 10 zuwa 12 ne, in ya dawo 3 a canza, kar a jira sai ƙarfe ya fara cin dis kana jin gurrr. In yoyo ne sai a bi layi: a leƙa bayan kowace taya a ga ko akwai jiƙa, a duba tiyon roba da ke zuwa kalifa, a cire dram ɗin baya a ɗaga robar silinda a ga ko mai ya taru, a duba bayan masta, wadda kofin mai ke zaune a kanta, inda ta haɗu da busta mai ƙara wa ƙafarka ƙarfi, ko fenti ya tashi a gurin, don man burki yana cin fenti. Kuma tunda an yi aiki a ƙafar gaba ta hagu, nan zan fara dubawa. Yaran gareji da yawa in sun kwance kalifa sai su sake ta tana lilo a jikin tiyo, duk nauyinta a kan roba, wasu kuma su murɗe tiyon wajen mayarwa. Wani ma ya kwance tiyon gaba ɗaya don ya samu fili, ya mayar bai yi bulidin ba, wato bai fitar da iska daga layin mai ba, iska ta shiga, shine sai kaji burki ya yi laushi kamar kana taka soso.

Ƙafarka ma kayan gwaji ce in ka iya sauraronta. Zauna a mota, inji a kunne, ka taka burki ka riƙe da matsakaicin ƙarfi kamar na rabin minti. In fedar ta tsaya cak to madalla. In tana sulalewa ƙasa a hankali a hankali kuma ba ka ga yoyo a ko'ina ba, robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana zagayewa ta ciki. In kuma laushi ne amma da ka yi famfo sau biyu uku sai ta taso ta yi tauri, iska ce, ko kuma takalman dram na baya sun yi nisa suna son ajastin. In feda ta yi tauri kamar dutse mota kuma ba ta tsayawa, wannan busta ne ko tiyon iskar da ke zuwa masa daga inji. Gwajinsa ba wuya, kashe mota ka taka sau biyar shida har ta yi tauri, riƙe ta ka tayar da inji, in busta lafiya yake za ka ji fedar ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. Duk wannan da na lissafa ba ruwansa da ABS, motocin da ba su da ABS ma haka suke yi.

To yanzu mu zo kan ABS ɗin. Mutanenmu da yawa sun ɗauka shine yake sa burki kamawa, shi yasa da an ga fitila sai a firgita ko kuma a ce ai burkina yana ci lafiya don haka fitilar ƙarya take. Duka biyun kuskure ne. Aikinsa ɗaya, ya hana taya ta kulle ta ja ƙasa lokacin da ka danne burki da ƙarfi, don tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari, ka juya hagu ko dama motar gaba kawai za ta yi. Kowace taya tana da sensa da ke ƙirga gudunta, tana aika wa ƙaramar kwamfutar ABS, in kwamfutar ta ga taya ɗaya ta tsaya alhali sauran na gudu sai ta saki matsin man wannan tayar ta sake kamawa, ta saki ta kama, sau goma da wani abu a cikin daƙiƙa ɗaya. Shine wannan karkarwar da kake ji a feda da ƙara kamar ana niƙa, wanda wasu direbobi ke tsorata su ɗage ƙafa, alhali lokacin ne ya kamata ka ƙara dannewa ka ci gaba da sarrafa sitiyari. Ba sabon abu bane, tun 1978 Bosch da Mercedes suka fito da shi a S-Class.

Duk lokacin da ka murɗa makulli fitilar tana kamawa na 'yan daƙiƙu, kwamfutar na gwada kanta, in komai lafiya ta mutu. In ta ga wani abu da ba ta gane ba, misali taya uku na cewa muna gudun 40 ɗaya na cewa ni a tsaye nake, sai ta janye hannunta gaba ɗaya ta bar maka burki irin na da, ta kunna fitila ta sanar da kai. Don haka in ruwan ɗorawar ce kaɗai, kana da burki, za ka iya tuƙa motar zuwa gareji, sai dai ka sani ranar da ɗan adaidaita ya faɗo maka a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tayoyinka za su kulle. In kuma ja da ruwan ɗorawa suka kama tare suka zauna, burkin hannu a sauke mai kuma a cike, wannan ya fi muni don a motoci da yawa yana nufin tsarin da ke raba ƙarfin burki tsakanin gaba da baya shi ma ya tsaya, tayoyin baya na iya riga na gaba kullewa bayan motar ya juyo.

A motarka abin da ya fi ɗaukar hankalina shine ka ce tun ranar da aka canza shafta. Famfo bai san an canza shafta ba balle ya zaɓi ranar ya mutu. A wannan Corollar, a kan shaftar gaba ta wajen taya akwai wani zobe mai haƙora kamar ƙaramar giya, sensa tana zaune dab da shi tana ƙirga haƙoran suna wucewa. To a kasuwa akwai kan shafta mai zobe akwai marar zobe, don motar ta fito iri biyu, mai ABS da marar ABS, kuma dukansu za su shiga su zauna daram motar ta yi tafiya lafiya. In an sa maka marar zobe sensa ba abin da za ta ƙirga. In an sa mai zobe amma yawan haƙoran ya bambanta da na ɗaya gefen, kwamfutar za ta ga taya ɗaya kullum tana gudu daban. Wani lokacin zoben daidai ne amma wajen buga shafta da guduma aka lanƙwasa haƙori ko aka fasa shi. Sai kuma ita kanta sensar, wayarta siririya ce tana bin jikin shokoba, in ba a kwance ta ba aka ja hob waje sai ta tsinke ta ciki, roba lafiya ƙalau ta waje tagulla a katse. Ko ma soket ɗin ne kawai aka cire aka manta. Wallahi na sha samun wannan, minti biyu in tura soket ya ce ƙas fitila ta mutu, har kunya nake ji in karɓi kuɗin aiki.

In tsohuwar shaftar tana nan a but ko a garejin, ka ɗauko ta ka ajiye kusa da sabuwar ku ƙirga haƙora da alli. Ba ka buƙatar wani ilimi a nan.

Akwai wani Alhaji da ya kawo min Honda Accord ɗin nan da ake cewa EOD, ya riga ya sayi famfon ABS na Beljiyam an ɗaura masa, fitila na nan, an sake canza sensa sau biyu, fitila na nan. Na tambaye shi me aka yi wa motar kafin fitilar ta fara, ya ce ba komai, boris kawai aka canza na gaba, wato abin da taya ke juyawa a kansa. Na ce to shi kenan. Ita wannan motar ba ta da zobe mai haƙora a gaba, mayen ƙarfe ne a cikin murfin boris ɗin, gefe ɗaya kawai, kuma wannan gefen ne dole ya kalli ciki wajen sensa. Wanda ya buga boris ɗin ya juya shi. Muka ɗauko sabo na sa masa ƙaramar allura a gefe ɗaya ta manne, na juya ɗaya gefen ta faɗi ƙasa, Alhaji ya tsaya yana kallon allurar nan ya kasa magana, can ya ce yanzu a kan wannan na zubar da kuɗin famfo? Kuma abin haushin boris in an buga shi ba ya fita lafiya, sai dai a sake sayen wani. Tsohon famfonsa da aka cire lafiyarsa ƙalau, yana but.

Hanyar da ta dace ita ce a sa wa motar kwamfuta, amma ka kula, ba kowace na'ura ce ke shiga ABS ba. Waɗannan ƙanana masu arha da ake haɗawa da waya yawancinsu inji kawai suke karantawa, kod masu farawa da P, sai mai ita ya ce maka ba matsala a motar alhali fitila na kallonsa. Kod ɗin ABS da C suke farawa. A Toyota irin taka C0200 sensar gaba ta dama ce, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu, ni kuma ina kyautata zaton C0205 za ku gani. Sannan kod ba ya cewa sensa ta mutu, cewa yake ba na samun saƙo daidai daga wannan tayar, ko sensa ce ko waya ko soket ko zobe. Nan ne da yawa ke faɗawa, su ga kod su aika yaro kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano ya sayo sensa. Abin da nake yi ni, in sa na'urar ta nuna gudun tayoyin huɗu a jere, wani ya ja motar a hankali ina kallo. Wadda ta tsaya a sifili ko take tsalle tana faɗuwa ita ce mai laifin. In sifili ce ko da yaushe sai in ɗauki mita. Tsofaffin sensa masu naɗin waya a ciki ana auna su, yawanci za ka samu tsakanin om 800 zuwa 2000, ka gwada da ta ɗaya gefen, ka kuma riƙa motsa wayar kana kallon mita ko za ta ɗauke. Sabbin sensa irin na EOD ɗin can da ke karɓar wuta daga kwamfuta ba a yanke musu hukunci da wannan awon, rewaya da yawa sun jefar da masu kyau saboda haka.

Kar kuma a manta batir. In batir ya yi sanyi ko altaneta ba ta caji sosai, kwamfutar ABS tana daga cikin masu fara ƙorafi, a Toyota C1241 take bayarwa. Haka fis, haka waya mai zuwa bodi in ta yi tsatsa. Taya ma tana jawowa, wanda ya sa babba a gefe ɗaya ƙarama a ɗaya saboda abin da ya samu a wajen mai faci kenan. Da damina kuma in an kutsa ruwa ko an wanke ƙasan mota da injin feshi soket kan sha ruwa, fitila ta kama kwana biyu ta mutu da kanta.

Akwai wani nau'in ma da fitila ba ta kamawa sam amma kana zuwa tsayawa a hankali, kamar a danja ko za ka yi fakin, sai kaji feda tana kakkarwa motar ta ɗan ƙi tsayawa. Wannan zobe ne ya tsage ko tsatsa ta ɗaga sensa ta yi nisa, a ƙaramin gudu saƙon ya yi rauni kwamfuta ta zaci taya ta kulle. Ka bambanta shi da rawar sitiyari in ka taka burki a gudun 100, wannan dis ne ya ci ba daidai ba. In za a kai shi a wanke a injin, a duba lambar da aka buga a gefensa, MIN TH, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, in ya kai nan ya gama aiki. Mota mai ja gefe ɗaya in an taka kuma yawanci fin ɗin kalifa ne ya bushe ba giris, ko fistin ya maƙale, bayan tafiya ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili kar ka taɓa, wanda ya fi zafi shine.

Maganar cire kwan fitila kuwa, ba zan ɓoye maka ba tana ba ni haushi. Ciwon yana nan ka toshe bakin mai faɗa maka. Dilolin mota ma wasu haka suke yi, har akwai masu haɗa ta da fitilar man inji don ta kama ta mutu tare da ita kamar lafiya lau, shi yasa in za ka sayi mota ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka jira, a yawancin motoci fitilar ABS ya kamata ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu ko inji bai tashi ba, in ba ta fito ba sam ko ta ƙi mutuwa sai tare da ta mai, an yi mata aiki. Wasu kuma su ce a cire famfon a haɗa fayif dairek wai ABS ba na hanyoyinmu bane. Na yarda a kan yashi ko tsakuwa mota mai ABS tana iya ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya, wannan gaskiya ne, amma kana da sitiyari a hannunka, kuma yawancin tafiyarka a kwalta kake. Sannan a irin motarka rabon burkin gaba da baya a cikin wannan akwatin yake, in ka cire shi ka cire har da wannan.

In za a yi maka bulidin, ka sa a zubar da tsohon man duka a zuba sabo. Abin da aka rubuta a murfin kofin shi za ka saya, taka DOT 3 ce, DOT 4 ma yana shiga, amma ban da DOT 5 don shi wani iri ne daban ba ya tafiya da ABS. Man burki yana zuƙar danshi daga iska, sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa a 140 ma ya tafasa, DOT 4 kuma daga 230 ya dawo 155. A cikin gari ba za ka gane ba, sai ranar da kake gangarowa Hawan Kibo na hanyar Jos da kaya ƙafarka a kan burki tun daga sama, mai ya tafasa ya zama tururi feda ta tafi ƙasa fayau. A irin wannan gangara giya ake saukarwa inji ya riƙe motar. Duk shekara biyu a canza shi, kuma a sayi wanda ke rufe da hatiminsa, ba ragowar gwangwanin da ya kwana wata shida a buɗe a kan benci ba. Masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare a hanya, su ne ke kashe famfon ABS da hannunsu, tsatsa ta cinye bawul ɗin ciki. Wanda ya zuba man inji ko na giya kuma robobin duka za su kumbura sai an canza su.

Don haka yau ɗin nan ka duba kofin mai ka yi gwajin feda a gida, in ka ga jiƙa a bayan taya ko feda na sulalewa kar ka tuƙa, a zo a same ta a nan. In ba haka ba ka kai ta a cire tayar gaba ta hagu a gabanka, ka leƙa da fitilar wayarka ka ga ko akwai zobe mai haƙora a kan shaftar, ka bi wayar sensa da hannu har soket. In an sa kwamfuta ka ɗauki hoton kod ɗin kafin a goge, ka turo min shi tare da hoton kan shaftar.